Kunnen Ɗan Bariki: Sharhi kan Koyar da Ilimin Kiɗa da Waƙa

Yaron da ya tashi a Barikin Shadawanka, nan cikin garin Bauchi, kafin ya saɓa jaka ya nufi makaranta kunnensa ya riga ya sha karatu. Ya ji ladan da asuba. Ya ji begila ta tashi sojoji, ya kuma san bambancinta da busar da ake yi in za a sauke tuta da yamma, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa. Ran da ake atisayen fareti yana jin badujala har cikin ƙirjinsa. Ran Lahadi waƙar coci ke shigo masa ta taga, wata da Turanci, wata da Hausa, wata da harshen da ko sunansa bai sani ba. Maƙwabciyarsu 'yar Tibi tana wanki tana rera tata. A kasuwar mami mai cajin waya ya saki Hamisu Breaker, na gefensa ya ƙure lasifika da Burna Boy, wani tsohon kofur kuma yana zaune da 'yar rediyonsa yana gyaɗa wa Shata kai. Daga nan sai yaron ya isa aji, ya buɗe irin littafin da ake amfani da shi ko'ina a ƙasar nan, ya tarar an rubuta masa da Turanci cewa kiɗa shi ne harhaɗa sautuka yadda za su yi wa kunne daɗi. A ƙasan wannan an ja layuka biyar, an ɗiɗɗiga wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu wutsiya. Ya kwafa, ya haddace, ya ci jarrabawa. Zango zai ƙare bai ji sauti ko ɗaya ba a cikin ajin.

Na ɗauki Shadawanka ne saboda da wuya ka sami wuri a jihar Bauchi da ya tara al'adu a ƙuntataccen fili kamarsa. Nan ne mazaunin Birged ta 33 ta sojojin atilare, kuma soja ba ya zaɓar inda za a kai shi. Layin gidaje guda sai ya haɗa Babarbare da Bayarabe da Ibo da Idoma da Jukun da Bazazzagi, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Irin wannan zama ne ya haifi Barikanci, Hausar nan da ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, tun lokacin da rundunar da Turawa suka fara da ita a Ikko a 1863, wadda ake kira Hausawan Gulova, ta girma ta game Afirka ta Yamma. Daga wancan zamani kuma aka gaji bikin shekara-shekara da sojoji ke kira WASA. Haruffan taƙaitaccen sunan Turanci ne, amma sai suka faɗo daidai kan kalmarmu, kuma wasan ne ake yi: kowace ƙabila ta bariki ta fito fili da gangunanta da kayan rawarta, mata ƙarƙashin magajiyoyinsu, kwamanda da baƙinsa suna kallo. A yini guda yaro yana ganin abin da ɗalibin jami'a a Landan zai biya kuɗin jirgi ya zo nazari. Washegari ya koma aji, ba wanda zai tambaye shi me ya gani.

Asalin matsalar yana cikin manhaja. Tun da aka fara aiki da tsarin ilimin bai-ɗaya na shekara 9 da hukumar NERDC ta shirya, a 2008, kiɗa ya daina zama darasi mai cin gashin kansa a firamare da ƙaramar sakandare. An zuba shi cikin tukunya ɗaya da zane-zane da wasan kwaikwayo da rawa da sana'o'in hannu, aka kira su darasin al'adu da fasahar ƙirƙira. A takarda tunanin ba shi da laifi, don mu ma a gargajiyance ba mu raba kiɗa da rawa da wasa. A aikace kuwa malami ɗaya ake miƙa wa duka, galibi wanda ya karanta zane, ko ma wanda aka ga jadawalinsa bai cika ba. Shi kuma bawan Allah sai ya kama abin da za a iya rubutawa a allo a kuma yi tambaya a kansa: ma'ana, rabe-rabe, sunayen layuka. Na taɓa leƙa wani aji a wata makaranta a cikin gari na ga an zana kalangu a allo, an rubuta sunansa da Turanci, alhali bayan katangar makarantar mahauta ne ke da rumfa. Ban ga laifin malamar ba. Abin da aka ba ta shi ta bayar.

To mu fara da ma'anar nan da ake haddacewa, don a nan darasin farko ya kamata ya tsaya ya daɗe. Bature yana da kalma ɗaya da ta rufe komai. Bahaushe ba shi da ita. Muna da kiɗa, ga abin da ake bugawa ko a kaɗa, daga ganga har garaya. Muna da busa, ga algaita da sarewa da kakaki. Muna da waƙa, wadda ta haɗa ta makaɗi da ta malamin da ya rubuta baitoci da alƙalami bai taɓa riƙe makaɗin ganga ba. Ga rawa, ga kirari, ga guɗa. Ibo kuwa kalmarsu ta egwu ta tattara kiɗa da rawa da wasa gaba ɗaya. Sannan ga abin da ya fi waɗannan nauyi: kiran salla da karatun Alƙur'ani suna da hawa da saukar murya, kuma mahaddatan Masar irin su Abdulbasit Abdussamad sun san maƙaman Larabawa sarai, amma babu Musulmin da zai kira tilawa waƙa, kuma duk malamin da ya kira ta haka a aji ya jawo wa kansa. Wato ke nan kowace al'umma ita ke shata iyakar abin da take kira kiɗa. Yaron da ya gane wannan a aji ɗaya na sakandare ya sami abin da zai yi masa amfani har a wajen fahimtar addinin maƙwabcinsa.

Haka maganar “daɗi ga kunne”. Kunnen wa? Wanda bai saba da algaita ba ya kan toshe kunne, mu kuwa in ta tashi ranar hawan salla tsigar jikinmu ke tashi. A 2016 wasu masu bincike sun je wajen mutanen Cimane, cikin dazukan Bolibiya, waɗanda ba su cuɗanya da kiɗan Turawa sosai ba, suka saka musu haɗin sautukan da Bature ke jin daɗinsu da waɗanda ke masa ƙaiƙayi a kunne. Mutanen ba su fifita ɗaya a kan ɗaya ba. A ɗaya gefen, wani babban nazari da aka fitar a 2019 ƙarƙashin Samuel Mehr na Jami'ar Habad ya duba bayanan al'ummomi 315, bai sami ko ɗaya da ba ta waƙa ba, kuma kusan ko'ina akwai ta rarrashin jariri, da ta rawa, da ta neman waraka, da ta soyayya. Buƙatun iri ɗaya ne, muryoyin ne kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Yawancin waƙoƙin gargajiyarmu a kan matakan sauti biyar suke tafiya. Do-re-mi da ake koyarwa bakwai ne. Balarabe yana da sautuka a tsakanin maɓallan fiyano waɗanda fiyanon ba ta iya fitarwa. Ba'indiye yana da salon da ba a rera shi sai da asuba, da wanda sai damina. Idan aka ba yaro ma'aunin Bature shi kaɗai, zai fita yana ganin kakarsa ba ta iya waƙa ba.

Inda nake ganin ilimin namu ya fi zurfi, kuma aka fi yin watsi da shi, shi ne wajen rarraba kayan kiɗa. Littattafan makaranta suna bin tsarin da wasu masana biyu, Hornbostel da Sachs, suka fitar a 1914: na fata, na tsirkiya, na iska, da waɗanda jikinsu ke ƙara kamar kuge da caki. Tsari ne mai kyau ga gidan adana kayan tarihi. Bahaushe kuwa tambayarsa ta farko ita ce: kiɗan wa ne? Tambari na sarki ne, haka kakaki; attajiri komai dukiyarsa ba ya sa a busa masa kakaki a ƙofar gida. Kalangu na mahauta ne tun asali, har da 'yan dambe, tunda dambe wasan mahauta ne. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma tana bin 'yan gayya kunya-kunya. Shantu na 'yan mata ne a ɗakin amarya, ƙwarya ta matan cikin gida ce, wadda Barmani Coge ta Funtuwa ta fito da ita duniya. Garaya da goge sun daɗe suna tafe da bori, shi ya sa har gobe wasu ke kallonsu a kaikaice. David Ames da Anthony King sun tattara wannan duka a ƙamusunsu na kiɗan Hausa na 1971, kuma abin da ya fito fili a aikin shi ne cewa in ka jera kayan kiɗan Hausawa ka jera tsarin zaman Hausawa: wa ke sama, wa ke ƙasa, wa ke gadon wace sana'a, mace ina iyakarta.

Ɗan bariki ba ya buƙatar dogon bayani a nan, shi ya sa na ce wurin ya dace. Ya san sauti umarni ne. Ya san akwai busar da in aka yi ta kowa ke ƙamewa inda yake, da wadda ake yi a kan kabarin soja, irin ta ranar 15 ga Janairu da ake tunawa da 'yan mazan jiya. Ya san ba kowane hafsa ake yi wa kowace busa ba. Malami ya ɗauko wannan ya ajiye kusa da tambarin fadar Sarkin Bauchi, ya ce da yara su nemo kamanni da bambanci. Za su gane da kansu cewa begila take ce, kamar yadda kowane basarake da kowane ɗan dambe yake da takensa da in makaɗi ya taɓa, tun kafin a buɗe baki an san da wa ake.

Daga take sai maganar ganga. Yara suna jin ana cewa kalangu yana magana, suna ɗauka almara ce. Minti biyar sun isa a nuna musu. A ce su faɗi wuya ta jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya. Baƙaƙen ɗaya ne, karin sauti ne ya raba su. Mai kalangu yana matse tsarkiyoyin da ke hammatarsa fata ta ɗaure sauti ya hau, ya saki ya sauka, sai ya bi karin jimla daki-daki. Yaro Bayarabe da ke ajin zai ɗaga hannu ya ce su ma gangan da dundun haka suke yi, harshensu ma matakai uku gare shi. A darasi guda an taɓa kimiyyar sauti, an taɓa nahawu, an kuma nuna wa yara biyu cewa kakanninsu sun gano dabara iri ɗaya.

Wani abin da ya kamata a cire wa ɗalibai tun da wuri shi ne zaton cewa akwai kiɗan da ya sauko tsarkakakke bai taɓa cuɗanya da na kowa ba. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki a fadar. Algaita sunanta ma ya tona asirinta, 'yar'uwar gaitar Magrib ce. Abin da muka karɓa mun kuma miƙa. Yusuf Olatunji na Abekuta da goge ya yi sakararsa har ya rasu a 1978. A fadar Yandi ta Dagombawa, arewacin Gana, masu gonje suna da matsayi. Bayin da aka ƙetara Sahara da su sun kai bori Tunis da Tarabulus, inda wani Bature, Tremearne, ya same su suna yi da Hausa ya rubuta littafi a kansu a 1914. Ita kanta badujalar da ke tashin Shadawanka, babbar gangarta da faya-fayan tagullar da ake gwarawa Turawa daga sojojin Daular Usmaniyya suka aro su a ƙarni na 18, kafin su kawo mana su a matsayin kayan Nasara. Ƙahonin tagullar bariki kuma su ne suka fita gari a gaɓar tekun Gana suka zama hayilaif, wanda Bala Miller ya zo ya yi da Hausa. Na baya-bayan nan shi ne Indiya. Finafinan da aka daɗe ana haskawa a silimun Arewa sun bar karinsu a waƙoƙin nanaye na Kannywood, har a Kano aka yi masu bege da suka kira kansu Ushaƙu Indiya, suna ɗauko karin waƙar fim su ɗora yabon Annabi. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana bin diddigin wannan. Mutum yana iya ƙin nanaye, ni ma ba duka nake so ba, amma wanda ya ce ita ce farkon aro bai karanta tarihin kakaki ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Duk wanda ya yi maganar kiɗa a makarantar Arewa ya tsallake addini, yaudarar kansa yake yi. Bauchi jiha ce da ta ƙaddamar da shari'a a 2001, kuma akwai iyaye da yawa, masu ilimi ba jahilai ba, da ke ganin kayan kiɗa haramun ne. Ba su ƙirƙiro wannan ba. Malamai da dama na mazhabobi huɗu sun ƙyale ganga mai fuska ɗaya a wurin biki suka hana saura, Ibnul Ƙayyim ya tsananta ƙwarai. A gefe guda Ibn Hazm na Andalus bai ga haramcin ba, Imam Gazali kuma ya ware babi sukutum a Ihya'u yana rarrabewa gwargwadon mai sauraro da wuri da abin da ake faɗa. A nan gida, Shehu Usman Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya soki sarakunan Haɓe kan shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana, amma ya bar ƙofar buga tambari don wata manufa, kamar tara runduna ko sanar da tashinta da saukarta. In ka lura, wannan shi ne aikin begila. 'Yarsa Nana Asma'u da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajis na 'yan taru. Ƙadirawan gidan Shehu Nasiru Kabara suna zikiri da bandiri, wasu na sukarsu a kai. Saɓanin ya fi shekara dubu, kuma ba malamin aji biyu ne zai yanke shi ba.

Abin da makaranta za ta iya shi ne ta raba sani da aikatawa. Kada a tilasta wa yaro ko yarinya riƙe ganga ko taka rawa in gidansu ba su yarda ba, kada kuma a rage musu maki saboda haka. Amma sanin cewa dundufa ta maƙera ce, da dalilin da ya sa 'yan Katolika ke rera addu'a, da yadda Shehu ya bambanta tambarin yaƙi da na shagala, wannan ilimin zaman duniya ne, kuma mai ƙin kiɗa ma ya fi ƙarfin hujja in ya san abin da yake ƙi. Ni a ganina wannan saɓani kansa ya cancanci shiga manhaja a babbar sakandare, a kawo shi da adalci, kowane ɓangare da malamansa. Hakan zai kare yaro Kirista daga zaton cewa Musulmi maƙiya farin ciki ne, ya kare yaro Musulmi daga kiran duk gangar da ba ta garinsu ba “kiɗan arna”.

Bayan addini akwai raini. Makaɗi a wurinmu maroƙi ne, kuma har yau akwai gidajen da ba sa ba shi aure. Muna son Shata a rediyo, ba ma son ɗanmu ya gaje shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan digirin girmamawa a 1988, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Indiyana tun 1975, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kafa wa nazarin waƙar baka turaku da littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Aiki ne babba. Sai dai ka lura ta wace ƙofa waƙa ta shiga jami'o'inmu: ta sashen Hausa, a matsayin adabi. Ɗalibi zai kwashe baitoci a takarda ya fito da turke da salo da jigo, amma ka saka masa kaset ka ce ya bambanta kotson Narambaɗa da taushin Jankiɗi, sai ya yi zuru. Mun riƙe kalmomin mun saki gangar, duk da cewa shi Gusau ya yi maganar rauji da kayan kiɗa. A Kudu kuwa Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, ta daɗe tana yaye malamai, sai dai su ma sun ɗauki shekaru suna fama da rinjayen fiyano da waƙar coci kafin gangar gida ta sami kujera. Sakamakon haka a Arewa shi ne ƙarancin malamin da ya san ka'idar sauti kuma ya san kuntigi.

Ana iya cewa ba kuɗi, ba kayan aiki. Wannan uzuri ya fi ƙarfi a darasin kimiyya. Zoltan Kodai na ƙasar Hangari, wanda tsarinsa na koyar da yara ya zagaye duniya, ƙauyuka ya bi tun wajen 1905 yana ɗaukar waƙoƙin manoma, ya kuma dage cewa kayan kiɗan farko na yaro muryarsa ce, waƙar farko kuma ta harshen uwarsa. Mu muna da waƙoƙin gaɗa da na tashe da na daka da na niƙa, tafi da ƙafa sun ishe su. Kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya zagaya duniya da shi tsirkiya ɗaya gare shi, samari kuma kan haɗa irinsa da gwangwanin kifi. Ga misali ma kusa da mu a Nijar. Malam Maman Barka malamin makaranta ne mai kaɗa gurmi. A 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi bakin Tafkin Chadi wajen wani dattijo, Bukar Tar, wanda shi ne ya rage cikin gwanayen biram, molon Buduma masunta mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya zauna ya koya, dattijon ya rasu, biram bai bi shi ba. Kafin Barka ya rasu a 2018 ya kai shi Turai. A Yamai akwai cibiyar horar da makaɗa mai sunan Elhaji Taya, da aka buɗe a 1989, da ɗakin ajiye kayan kiɗan ƙabilun ƙasar. Nijar kuwa ba ƙasa ce mai kuɗi ba.

Labarin biram ya kamata ya tsorata mu, don muna da irinsa a ƙofar gida. Idan aka ce “al'adu daban-daban” hankali kan tafi Indiya ko China, alhali jihar nan kaɗai tana da Gerawa da Jarawa da Zar, waɗanda muka fi sani da Sayawa, da Warjawa da Bolawa da Karekare da Fulani da Barebari da wasu da dama. Mu masu Hausa ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya: harshenmu yana haɗiye ƙananan harsuna, kuma waƙa ce ke fara tafiya ko ita ce ke ƙarshen tafiya. Jikokin Gerawa da yawa, mutanen da garin nan ya zauna a ƙasarsu, Hausa kawai suke ji. Zar suna riƙe da bikinsu na Lim Zar a yankin Tafawa Ɓalewa da Bogoro, Birom na Filato suna da kundung ɗinsu na katako da ƙahonin shanu, Tibi sun kai wasansu na kwagh-hir jerin UNESCO a 2019, hawan sallar Kano ya bi sahu a 2024. Amma waƙar kaciya ko ta girbi ta wani ƙauye bayan dutse, wadda tsofaffi uku suka rage da ita, ba mai kai ta ko'ina. Darasin da zai cika da Shata da Ɗanƙwairo ya manta da waɗannan ya maimaita laifin da muke zargin littafin Bature da shi, sai dai wannan karon mu ne Turawan.

Kada kuma a ruɗe da ranar al'adu da makarantu ke yi sau ɗaya a shekara, a ɗaura wa yara zane da murjani su yi tsalle a ɗauki hoto. Wannan ado ne. Sau da yawa ma yana ƙara kafa hoton da ake da shi: Bafulatani sanda da sharo, Ibo gashin tsuntsu. Ilimi yana farawa ne in an tambayi dalili. Me ya sa wannan ganga ba a buga ta sai an yi mutuwa? Wa ya ɗaura fatar, ta wace dabba ce? Me ya sa mata ne kawai ke wannan waƙa?

Ko taken ƙasa da yara ke rerawa kowace safiya darasi ne da ke jiran malami. Wanda aka karɓi mulki da shi a 1960 wasu mata biyu 'yan Ingila ne suka yi shi, Lillian Jean Williams ta rubuta, Frances Berda ta ɗora kari. A 1978 aka sauya shi da wanda Benedict Odiase, shugaban makaɗan 'yan sanda, ya yi wa kiɗa. Ranar 29 ga Mayu 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu aka koma na farko. A tambayi ɗalibai me ya sa gwamnati ke damuwa da waƙa har majalisa ta zauna a kanta. Sannan a tuna musu cewa ɗan garin nan, Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, da waƙa ya tari sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Biyu, wato Maraba da Soja, da waƙa kuma ya yi siyasarsa. Ga 'ya'yan soja da ke zaune a Bauchi ban san wani matani da ya fi wannan kusa da su ba.

Wani zai ce yaran da ba su iya karatu da lissafi ba ina su ina ganga. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na neman a rage wa lissafi ko minti ɗaya. Darasin yana nan a jadawali tuni, ana cin lokacinsa wajen kwafar abin da ba a ji ba; gyaran amfani da lokacin kawai ake nema. Haka kuma ba zan yi da'awar cewa kiɗa yana kawo zaman lafiya ba. A kasuwar mami ta wannan bariki aka tayar da bama-bamai daren 29 ga Mayu 2011, mutum fiye da goma suka rasu, kuma ba darasin da zai hana wanda ya yi niyyar haka. Makaɗa ma sun sha zuga yaƙi da rikicin siyasa, wannan ma a koyar da shi. Da'awata ƙarama ce: yaron da ya taɓa zama gaban tsohuwar wata ƙabila ta fassara masa waƙar rarrashin jikanta, zai yi masa wuya ya yarda in an ce masa mutanen nan ba mutane ba ne.

Saboda haka ga roƙona ga shugabannin makarantun da ke cikin Shadawanka da kewayenta, da hukumar birged, da ma'aikatar ilimi ta jiha. WASA na gaba yana tafe. Makonni kafin ranar ƙungiyoyin ƙabilu ke fara gwaji a bayan gidaje da yamma. A raba 'yan ƙaramar sakandare uku-uku, a tura kowane rukuni wajen ƙabilar da ba tasu ba, da littafin rubutu da wayar malami. Su komo da sunan kowace ganga da harshen masu ita, da wanda ake buga wa, da lokacin da ba a buga ta, da fassarar waƙa ɗaya daga bakin mai rera ta. A gayyaci mai begila na birged da mai kalangun mahauta da wata tsohuwa Bageriya ko Bajariya su shigo aji rana ɗaya, a kira su malamai, a sallame su kamar yadda ake sallamar malami. Abin da aka ɗauka a ajiye kwafinsa a ɗakin karatu, a kai wani gidan rediyon jiha. Ba a buƙatar kwangila ko sabon gini, izinin kwamanda da sa hannun hedimasta sun wadatar.